Shimfiɗa uku: harsashin da ake zubawa kafin uwa ta san tana da ciki

A ƙasar Hausa ciki abin ɓoyewa ne. Mace kan yi ɓatan wata ta ja bakinta ta yi shiru, wata na biyu ya wuce ta ƙara yin shiru, balle idan cikin fari ne, inda kunya kan hana ta faɗa wa ko da mahaifiyarta. Sai laulayi ya tona asiri, ko zani ya soma matsewa, sannan a fara zancen zuwa awo, sau da yawa a wata na huɗu ko na biyar. Ba na ganin aibin wannan kawaici a kan kansa. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne wani lissafi na daban, wanda jiki ke bi ba tare da ya jira kunyar kowa ba. A wannan lissafi, aikin da ya fi kowane girma a ginin ɗan Adam ana yin sa ne a makonni takwas na farko, kuma wani muhimmin ɓangare nasa, wato rufe bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka, yakan kammala cikin kwana 28 da shigar ciki. Ranar da mace ta fara karɓar katin awo, an daɗe da tashi daga wannan aiki.

Domin a fahimci nauyin maganar, sai mu koma farkon labari. Idan ƙwan mace ya haɗu da ƙwayar maniyyi, ƙwayar halitta ɗaya tak ake samu. Ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, a haka har zuwa kwana na biyar, lokacin da ta zama ɗan ƙwallo mai rami a ciki, wanda ke manne wa bangon mahaifa wajen kwana na shida ko na bakwai. A mako na biyu, sashen da zai zama mutum bai wuce wani ɗan faifai mai hawa biyu ba. Wajen kwana na 15 sai wani siririn layi ya bayyana a bayan faifan. Ƙwayoyin halittar da ke sama su riƙa gangarowa zuwa wannan layi suna nutsewa ta cikinsa. Waɗanda suka fara shiga su shimfiɗu can ƙasa, na biyunsu su bazu a tsakiya, waɗanda ba su shiga ba su zauna a sama. Kafin mako na uku ya ƙare, faifan, wanda girmansa bai kai ƙwayar gero ba, ya zama mai hawa uku. Masana kimiyya suna kiran waɗannan hawa ektodam, mesodam da endodam, sunaye daga harshen Girka masu ma'anar fatar waje, fatar tsakiya da fatar ciki. A nan za mu kira su shimfiɗar waje, shimfiɗar tsakiya da shimfiɗar ciki. Duk wata gaɓa da mai karatu ke amfani da ita a yanzu, daga idon da ke bin waɗannan layuka zuwa yatsun da ke riƙe da jaridar, daga cikin ukun nan ta fito.

Shimfiɗar waje ita ce ke ba da saman fata, da gashi, da farce, da hanyoyin gumi, da sashen nono mai samar da ruwan nono, da farin ɓawon da ke lulluɓe haƙori, da gilashin cikin ido. Abin mamaki shi ne, ita ce kuma ke ba da ƙwaƙwalwa, da laka, da dukkan jijiyoyin da ke kai saƙo da komo da shi. Ashe fatar da muke shafa wa mai da ƙwaƙwalwar da muke tunani da ita uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Shimfiɗar tsakiya ita ce ta ƙarfi da motsi. Daga gare ta ne tsoka ke fitowa, da mafi yawan ƙashi, da guringuntsi, da zuciya, da magudanan jini da jinin kansa, da ƙoda, da saifa, da mahaifa, da maraina, da kaurin fata na ƙasa, wato sashen da majemi ke jemewa ya zama ƙirgi idan fatar dabba ce.

Shimfiɗar ciki kuwa takan naɗe ta zama dogon bututu, wanda shi ne shafen cikin hanyar abinci tun daga maƙogwaro har kusa da dubura. Daga jikin wannan bututu ne rassa ke tsirowa kamar yadda reshe ke fita daga kututture. Wani reshe ya zama hanta, wani ya zama fankiriyas, gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, wani ya zama shafen cikin huhu da hanyoyin iska, wani ya zama ƙullutun nan na wuya wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo. Shafen cikin mafitsara ma daga nan yake.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa kowace gaɓa daga shimfiɗa ɗaya take, domin wannan ne kuskuren da haddar jadawali ke jefa mutum a ciki. Yawancin gaɓoɓi haɗin gwiwa ne. Hanji, alal misali, shafensa na ciki daga shimfiɗar ciki yake, tsokar da ke murɗa abinci daga ta tsakiya, jijiyoyin da ke ba tsokar umarni kuma daga ta waje. Ɗan ƙullutun da ke zaune a kan ƙoda, ɓawonsa daga ta tsakiya ne, amma cikinsa, inda ake sarrafa sinadarin da ke sa gaban mutum faɗuwa idan ya firgita, daga ta waje ne.

Wannan ilimi ya fi shekara ɗari biyu, kuma daga ƙwan kaza ya faro. A shekarar 1817, a birnin Wurzburg na ƙasar Jamus, wani matashin masani mai suna Christian Pander ya riƙa fasa ƙwai a matakai daban-daban na kwanci yana duba ɗan tabon da ke saman gwaiduwa, har ya bayyana shimfiɗun uku. Abokinsa Karl Ernst von Baer, wanda ya gano ƙwan dabbobi masu shayarwa a 1827, ya nuna cewa tsarin bai tsaya ga kaza ba, ya game dabbobi masu ƙashin baya. A tsakiyar ƙarnin, Robert Remak ya tantance abin da kowace shimfiɗa ke haifarwa. Sannan a 1924 Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold suka ciro ɗan yanki daga tayin wata halittar ruwa dangin kwaɗi suka dasa shi a cikin wani tayin, sai ga wannan tayi ya soma fitar da jiki na biyu. Da haka aka gane cewa shimfiɗun suna aika wa juna saƙo, wannan tana gaya wa waccan abin da za ta zama. Spemann ya karɓi lambar Nobel a 1935 saboda wannan aiki.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk karatun jarrabawa ne. To, ga amfaninsa a gidajenmu. Akwai wani irin ƙari da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwan mace, wanda idan likita ya cire ya tsaga akan tarar da curin gashi, da maiƙo, wani lokaci har da haƙora. Wanda bai san tarihin jiki ba, idan aka nuna masa gashi da haƙori daga cikin mace, ba abin da zai zo masa a rai sai jifa, kuma nan take zai fara lissafa kishiyoyi da maƙwabta. Alhali ƙwayar ƙwai ce, wadda dama tana ɗauke da ikon samar da shimfiɗu ukun, ta soma aiki ba bisa ƙa'ida ba. Mafi yawan irin wannan ƙari ba daji ba ne, kuma tiyata na raba mace da shi. Haka nan akwai yaron da ake haifa da farin gashi a goshi, da idanu shuɗɗa, da kurumta. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana wannan yanayi a 1951. Asalinsa wasu ƙwayoyin halitta ne matafiya, waɗanda ke ɓallewa daga gefen bututun laka su bazu a jiki. Su ne ke ba fata da gashi da ido launi, kuma kunnen ciki na buƙatarsu kafin ya ji sauti. Idan tafiyarsu ta sami cikas, sai alamun su bayyana tare. Abu ne na gado, ba shi da alaƙa da aljanu ko da amanar uwa. Irin waɗannan matafiyan ne kuma ke kai jijiyoyi ga hanji. Idan suka gaza isa ƙarshensa, a haifi jariri da cikinsa ke kumbura ba ya iya kashi, matsalar da ita ma tiyata ke gyarawa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a irin waɗannan lamurra mace ce kan kwana a cikin duhun, tana ɗauke da zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Yanzu mu dawo ga kwana 28. A ƙarshen mako na uku, wata 'yar sanda ta shimfiɗar tsakiya da ke kwance a tsakiyar faifan takan umarci shimfiɗar waje da ke samanta ta yi kauri. Gefuna biyu na wannan wuri su ɗaga, su lanƙwaso, su haɗu a tsakiya kamar yadda tela ke haɗa bakin yadi biyu. Ɗinkin kan soma wajen kwana na 22, daidai lokacin da zuciya ke fara bugawa, daga wajen wuya, ya nufi sama ya kuma nufi ƙasa. Bakin sama kan rufe wajen kwana na 25, na ƙasa wajen kwana na 27 ko 28. Idan na sama bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba za su ginu ba, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, sai a haifi yaro da ƙulli ko buɗaɗɗen ciwo a gadon baya, abin da likitoci ke kira sifaina bifida. Sau da yawa hakan kan zo da shanyewar ƙafafu, da kasa riƙe fitsari da bayan gida, da taruwar ruwa a kai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 300,000 a duniya kowace shekara da irin wannan nakasa.

A ɗora wannan lissafi a kan na mace. Ciki kan shiga ne kimanin mako biyu bayan fara jinin al'ada na ƙarshe. Ke nan ranar da ta sa ran ganin al'ada ba ta gani ba, tayin yana wajen kwana 14, gab da fitowar siririn layin nan. Bayan mako biyu, tana cikin tantama ko jinkiri ne kawai, bututun ya rufe ko ya gaza rufewa. Duk abin da za a yi don taimaka wa wannan ɗinki, dole a yi shi kafin a tabbatar da cikin.

Duniya ta koyi darasin waɗannan kwanaki da tsada. A 1957 aka fara sayar da wani maganin barci mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, aka kuma riƙa ba masu ciki shi don rage tashin zuciya. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da gajerun hannaye ko ƙafafu, ko babu su gaba ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka ga ɓarnar ta taƙaita ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, har ranar da aka sha maganin kan nuna gaɓar da za ta taɓu: na farkon kwanakin kunne, na tsakiya hannu, na bayansu ƙafa. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i saboda wata jami'a, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa da maganin sai an kawo mata gamsasshiyar hujja. Tun kafin wannan, a 1941, likitan ido Norman Gregg na Ostireliya ya lura cewa matan da suka kamu da cutar rubela a farkon ciki suna haifar yara masu yanar ido. Wannan tarihi ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani kan yadda ake sayen ƙwaya a kemis ko a faranti a bakin tasha, da yadda ake ɗirka wa amare jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen da babu wanda ya san abin da ke cikinsu, a daidai watannin da aka fi sa ran samun ciki.

Labari mai daɗi shi ne akwai rigakafi, kuma mai arha. Sunansa folik asid, ɗaya daga cikin dangin bitamin B, wanda jiki ke buƙata wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta. Sunan daga kalmar Latin mai nufin ganye yake, domin daga ganyen alayyafon Turai aka fara tace shi a 1941. Masu sikila da iyayensu sun san wannan ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa. A 1991 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon wani gwaji a kan matan da suka taɓa samun ciki mai wannan nakasa, inda aka ga shan folik asid tun kafin ɗaukar ciki ya rage maimaituwarta da kashi 72 cikin 100. A ƙasar Sin kuwa, tsakanin 1993 da 1995, an bi mata kusan 250,000, kuma a wurin gwajin lafiya na kafin aure ne aka riƙa ba su shawarar shan maikurogiram 400 a kullum. A yankin arewacin ƙasar, inda matsalar ta fi yawa, adadin ya sauko daga kusan 5 a cikin haihuwa 1,000 zuwa 1 tak. Amurka da Kanada sun tilasta zuba sinadarin a garin fulawa a 1998, kuma a Kanada nakasar ta ragu da kusan rabi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kowace mace ta riƙa shan maikurogiram 400 a kullum tun daga lokacin da take sa ran ɗaukar ciki har zuwa mako na 12. Wadda ta taɓa haifar yaro mai wannan matsala tana buƙatar adadi mafi yawa, wanda likita ne zai rubuta mata.

Na san abin da wasu za su ce: iyayenmu da kakanninmu sun haihu goma-goma ba su sha wata ƙwaya ba. Gaskiya ne, mafi yawan ciki lafiya yake ƙarewa, jiya da yau. Amma waɗanda ba su ƙare lafiya ba a zamanin da, ba a ƙidaya su, akan binne su ne a yi shiru. Wasu kuma za su ce ai muna cin ganye. Alayyafo da wake da gyaɗa da kuɓewa da lemo duk suna ɗauke da wannan sinadari, kuma cin su abu ne mai kyau. Sai dai dogon dahuwa na lalata kaso mai yawa na abin da ke cikin ganye, mu kuwa miyarmu takan daɗe a kan wuta. Zuba sinadarin a fulawar kamfani ma ba zai wadatar da mu shi kaɗai ba, tunda gidaje da yawa masararsu da dawarsu da geronsu suke kaiwa injin unguwa a niƙo. Masu cewa komai ƙaddara ce kuma, babu mai jayayya da su, amma ba mu taɓa jin wanda ya ƙi ɗaura gidan sauro da wannan hujja ya sami yabo ba.

Ya kamata kuma a faɗi iyakar abin. Folik asid ba ya hana kowace irin nakasa, ba ya ma hana dukkan ta bututun laka. Akwai ta gado, akwai wadda ciwon suga da ba a kula da shi ba ke jawowa, akwai ta wasu magunguna, irin su sodiyam balfurowet da ake ba masu farfaɗiya. Mai shan irin wannan magani kada ta yanke shi da kanta, domin farfaɗiyar ma haɗari ce gare ta da abin da ke cikinta, ta dai ga likitanta tun kafin ciki ya shiga. Uwar da ta riga ta haifi yaro mai nakasa kuwa ba ta yi laifin komai ba. Abin da ita da ɗanta ke buƙata shi ne a hanzarta kai shi babban asibiti, domin rufe ciwon baya da wuri na kare shi daga ƙwayoyin cuta, kuma da kulawa irin waɗannan yara kan girma su yi karatu su yi sana'a.

Me ya rage gare mu? Ina ganin ƙofar da Sinawa suka bi a buɗe take a wurinmu. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi gwajin jinin sikila da na ciwon hanta da na ƙanjamau, kuma a wurare da yawa iyaye da limamai sun riga sun saba neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Tunda amarya za ta zauna gaban ma'aikacin lafiya makonni kafin biki, babu dalilin da zai sa ta tashi ba a yi mata bayanin folik asid na minti biyar ba, a kuma ba ta na wata uku ta tafi da shi. Jiki na buƙatar makonni kafin sinadarin ya taru a jini, saboda haka aƙalla wata guda kafin tarewa ya dace a fara. Angon da ya iya haɗa akwatunan lefe ba zai gaza sayen ƙwayar da kuɗinta bai kai na turmin atamfa ba. Matar da ta yaye ɗa tana sa ran wani, ita ma lissafin ya hau kanta, kuma ranar rigakafin yara dama ce ta tuna mata. Masu kemis su riƙa tambayar matar aure ko akwai yiwuwar ciki kafin su miƙa magani. Malaman kimiyyar halittu a sakandare, idan sun zana shimfiɗu uku a allo, su rubuta kwanakin a gefe, domin 'yan matan da ke zaune a ajin su ne iyayen gobe, samarin kuma su ne mazajen da za su ba da kuɗin magani ko su hana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar mace ta sanar da kowa cewa tana da ciki, domin duk kafin cikin ake ɗaukar su. Kunyarmu na nan daram, ba a taɓa ta ba. Abin da kawai zai sauya shi ne ranar da muke fara kula da ɗa: mu matso da ita daga ranar karɓar katin awo zuwa ranar da aka sa ranar aure.